Daga ayari zuwa laimar mota: tarihin ɗakin da ake naɗewa da masu yin sa

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu ƙaramin abu ne. A wani darasin fassara mun ba ɗalibai wata tsohuwar takardar talla ta ƙasar Faransa, wadda take yabon abin da ta kira «caravane pliante». Wani ɗalibi, haifaffen Ɗan Kassari, ya fassara kalmomin da «ayari mai lanƙwasa». Aji ya kwashe da dariya, amma da muka buɗe ƙamus sai muka ga yaron bai yi laifi ba, don kuwa ma'anar farko ta «caravane» ita ce ayari. Da muka bayyana masa cewa ɗaki ne mai taya wanda mota take ja, a buɗe shi da dare a naɗe shi da safe, sai ya ce: «Ashe irin na Buzayen da ke sauka gonarmu bayan girbi ne, sai dai su jaki ke ɗaukar nasu.»

Wannan amsa ita ce tushen abin da za mu tattauna. Tarihin ɗakin naɗewa na Turawa a rubuce yake, da sunan wanda ya ƙera, da garinsa, da shekarar da ya fara. Namu ɗakin naɗewa ya girmi nasu nesa ba kusa ba, yana nan kuma yana ratsa ƙasar Arewa kowace shekara, amma ba a rubuta sunayen masu yin sa ba. (Da muka ce Arewa muna nufin ƙasar Arawa da Gubawa, wato yankin Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri, wanda Marc-Henri Piault ya rubuta tarihinsa a 1970.) Za mu fara da kalmomi, sa'an nan mu duba maƙeran Turai da Amurka, mu dawo ga masu yin namu, mu ga inda biyun suka haɗu, mu ƙare da abin da rashin rubuta wannan tarihi yake jawowa a sha'anin mallakar ƙasa.

1. Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Kalmar «caravane» asalinta Farisanci ne, «karwan», ma'anarta taron matafiya da dabbobinsu. A Ingilishi ne ma'anar ta fara gocewa: daga taron matafiya ta koma kan keken doki mai rufi, daga nan ta koma kan keken da masu wasan kasuwa da ƙabilar Rom suke kwana ciki. A farkon rabin ƙarni na 20 Faransanci ya karɓi wannan sabuwar ma'ana ya ajiye ta kusa da tsohuwar. Kalmar da ta faro da mutane sai ga ta a kan akwati.

A Hausa «ayari» bai yi wannan tafiya ba, kuma akwai dalili. Heinrich Barth, wanda ya biyo ayarin gishiri na Kel Ewey daga Abzin zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen 1850 da farkon 1851, da wannan suna ya ambace shi cikin littafinsa. Paul Lovejoy (1980) ya bayyana tsarin ayarin goro na Kano zuwa Gwanja, da madugu, da jagaba, da uban dawaki. Abin lura shi ne, falke bai saba ɗaukar ɗaki ba. Bayan jakinsa da kansa na haja ne. Idan ya sauka zango sai ya sari kara da ciyawa ya yi bukka, gari ya waye ya bar ta ga mai zuwa, in kuwa cikin birni ne ya sauka gidan fatoma. Shi ya sa abin da ayarin Hausa ya bari a baya sunan wuri ne, «zango», wanda ya zama sunan unguwanni a Salaga da Kumasi da Akara da Lome. Ke nan a ƙasarmu ɗakin naɗewa na makiyayi ne, wanda yake tafe da mata da ƴaƴa, ba shi da wani gida da ya baro.

Harshe ya ba da shaidar haka. Manyan kalmomi uku da Hausa take da su na ɗakin naɗewa duk aro ne. «Laima» daga Larabci «al-khaima» take, «alfarwa» daga Larabci «al-farwa», wato fata mai gashi, «tanti» kuwa Turawan mulkin mallaka suka zo da ita. Akwai ta huɗu wadda ta fi su kusa da mu, ita ce «asabari». A Tamajak, harshen Abzinawa, «asabar» ko «esabar» doguwar tabarma ce ta tsinke da zaren fata wadda ake kewaye gindin ɗakin fata da ita don tare iska. Da ta shigo gidan manomi sai ta gajarce ta zama labulen ƙofa. Tana cikin jerin kalmomi irin su «raƙumi» da «takobi» da «cokali», waɗanda nazarin Claude Gouffé da na Maarten Kossmann (2005) a kan cuɗanyar Hausa da harsunan Barbar ya sa muka san hanyar shigowarsu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. «Laima» ma ta yi tata tafiyar: daga ɗakin zane ta koma laimar sarki, daga nan ta koma ƴar laimar hannu ta tare ruwa da rana. Abin da ta riƙe bai sake ba shi ne buɗewa da naɗewa.

2. Maƙeran Turai da Amurka

Masu tarihin wannan sana'a sukan fara da wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan, William Gordon Stables, wanda ya sa wani kamfanin kekunan doki na birnin Bristol ya ƙera masa ɗaki mai taya a 1885. Dawaki biyu suke jan sa, kuma don yawon shaƙatawa aka yi shi. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. Waɗannan ɗakuna na katako ne masu nauyi, ba a naɗe su.

Mota ce ta kawo naɗewa. Bayan fitowar Ford samfurin T a 1908, talakan Amurka ya sami abin hawa, amma injinta ba shi da ƙarfin jan ɗakin katako a kan hanyoyin ƙasa na wancan lokaci. Sai maƙera suka dasa tanti a kan ƙaramar tirela mai taya biyu: a kan hanya akwati ce gajera, a masauki a buɗe fukafukanta biyu su zama gadaje, a ɗaga sanduna a ja tamfol. Wajen 1916 kamfanoni da dama suna sayar da irin wannan, cikinsu har da Auto-Kamp na garin Saginaw a jihar Mishigan. Glenn Curtiss, wanda ya yi suna wajen ƙera jirgin sama, shi ma ya shiga sana'ar tare da ɗan'uwansa Carl Adams wajen 1920, suka fitar da tirela mai gadaje masu buɗewa ta gefe. Wahalar abin kuma ta haifi kishiyarsa: Arthur Sherman na Detroit ya sha dukan ruwan sama yana fama da kafa tantin tirelarsa, haushin haka ya sa ya ƙera akwati mai bango tsayayye, ya fara sayar da shi a 1930.

A Ingila, iyalin Riley, uba da ɗa, suka fara ƙera ɗakunan da mota ke ja da sunan Eccles a Birmingham a 1919, kuma a shekarun 1930 kamfanin Rice na Gargrave ya shahara da masu naɗewa. A Jamus, Arist Dethleffs na garin Isny, wanda sana'ar gidansu yin bulala ce da sandunan wasan ƙanƙara, ya ƙera nasa a 1931 da rufi mai ɗagawa, don matarsa mai zane ta riƙa bin sa tafiye-tafiyen ciniki. A Faransa, dokar hutun ma'aikata mai albashi ta 1936 ta ba leburori mako biyu a shekara, suka fara fita da tanti. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan motoci irin su Renault 4CV da Citroën 2CV suka yawaita, su ma ba su da ƙarfin ja. A 1961 wani kafinta na yankin Mayenne, Constant Rousseau, ya fitar da Rapido, ɗaki mai bangon katako wanda yake ninkewa ya koma akwati. Irin wannan ne takardar tallar da ɗalibanmu suka fassara take yabo.

Abubuwa biyu za mu riƙe daga nan. Na farko, babu ɗaya cikin mutanen nan da ya faro a matsayin magini: akwai kafinta, akwai mai bulala, akwai maƙerin jirgi, kowa ya kawo dabarar sana'arsa. Na biyu, mun san sunayensu ne domin kowannensu ya bar takarda, ta rajistar ƙirƙira, ko ta kamfani, ko ta talla.

3. Masu yin namu

Ɗan Kassari tana gabas da Dogon Dutsi, a kan babbar hanyar da ta nufi Ƙonni. Yamma da ita ga Dallol Mawri, tsohon kwari wanda ruwansa yake kusa da ƙasa, arewa da gabas kuma ga Azawak da Adar. Saboda haka ƙasar mahaɗa ce. Da damina garken Fulani yakan haura arewa ya bar gonaki, bayan girbi ya gangaro, Bugaje su ma su sauko da raƙuma da awaki. Tsohuwar yarjejeniya ita ce makiyayi ya sauka gona, dabbobinsa su ci kara da harawa su zuba taki, mai gona ya ba shi hatsi. A cikin wannan zirga-zirga ana ganin ɗakin tafiya iri uku.

3.1. Ɗakin fata

Shi ne «ehaket» na Abzinawan Azawak, wanda Edmond Bernus (1981) ya bayyana. Rufinsa fatun awaki ko tumaki ne, a jeme su da bagaruwa, a yayyanka, a ɗinke da zaren fata su zama shimfiɗa ɗaya. Matsakaicin ɗaki yakan ci fata 30 zuwa 40, na manya ya fi haka nesa. Idan an gama ɗinki sai a shafe shi da man shanu da jar ƙasa, don kada ya bushe ya tsage, kada kuma ruwa ya ratsa. Ana ɗora shi a kan sanduna, a ja gefunansa a ɗaure a turaku, a kewaye gindin da asabari. Ƙarfinsa a jan yake, kamar fatar ganga. Jima da yanka da ɗinki duk aikin mata ne, kuma gayya ake yi: uwa takan yi shekaru tana tara fatu kafin auren ɗiyarta, ranar ɗinki mata su taru, gwana ta tsara yadda fatun za su haɗu. Sassaƙar sanduna da ƙafafun gado kuwa ta «inadan» ce, wato maƙeran Abzinawa, waɗanda matansu su ne gwanayen aikin fata.

3.2. Ɗakin tabarma

Shi ne ya fi yawa a Abzin, ana kuma ganin dangoginsa wajen Bugaje da Fulanin da suke zaune kusa da manoma. A nan ƙashi ake fara kafawa: a lanƙwasa saiwa ko siraran rassa su zama baka, a ɗaure su a kan ginshiƙai, sa'an nan a lulluɓe da tabarmin kaba, a bi da igiya. Ƙarfinsa a ƙashin yake. Dominique Casajus, cikin littafinsa na 1987 a kan Kel Ferwan na wajen Agadas, ya nuna cewa kalmar «ehan» tana nufin ɗaki, tana nufin aure, har takan nufi matar kanta. Ɗaki na mace ne. Ranar aure uwa takan ba ɗiyarta wani sashe na nata ɗakin a haɗa da sabo. In aure ya mutu, mace ta naɗe ɗakinta ta tafi da shi, namiji ya koma kwanan waje. Wannan batu za mu sake komawa kansa a ƙarshe.

3.3. Ɗakin da ba rufi

Wajen Woɗaaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororo, «suudu» ba shi da rufi. Marguerite Dupire (1962) ta bayyana tsarinsa: shingen rassa mai siffar rabin da'ira ta gabas, a cikinsa gado mai warwarewa da dandamalin da mace take jera ƙorenta, ta yamma kuma igiyar maruƙa da makwantar shanu. Da damina akan rufa tabarma ko tamfol a kan gado. Ranar tashi mace ce take kwance komai ta ɗaure a bayan takarkari ko jaki, a bar rassan nan. Wannan shi ne iyakar sauƙaƙawa, an rage ɗaki har sai da ya zama gado da tsari.

Idan muka jera ukun nan kusa da na sashe na 2, za mu ga dalili ɗaya ne ya haife su, wato iyakar ƙarfin abin da ke ɗauka. Raƙumi a doguwar tafiya yana ɗaukar wajen kilo 150, jaki bai kai rabin haka ba, injin ƙaramar mota shi ma da iyakarsa. Kafintan Mayenne da matar Azawak tambaya ɗaya suka amsa: yaya ɗaki zai yi faɗi da dare ya ƙanƙance da rana? Shi ya amsa da ƙarfe da maratayi, ita ta amsa da fata da igiya. Nata ya fi nasa ta fuska ɗaya, domin ba ya bukatar hanya, kuma duk abin da ya lalace a cikinsa ana samun madadinsa a daji ko a garke.

Manomin Arewa ma bai rasa nasa rabo cikin wannan dabara ba. Zanar gamba naɗe ta ake yi a ɗauka, jinkar ɗaki maza kan taru su ɗage ta ɗungum su kai ta kan wani bango, bukkar gona kuwa ta damina ɗaya ce. Ƙauyuka da yawa masu suna Tunga daga irin wannan sauka ta ɗan lokaci suka faro.

4. Inda biyun suka haɗu

Tantin Bature ya shigo Arewa a kan mutane. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya, wanda yake cikin gundumar Ɗan Kassari ta yau, ta ƙone shi kafin ta wuce Ƙonni a watan Mayu. Kayan hafsoshin, har da tantunansu, ɗaruruwan ƴan dako ne na tilas suke ɗauke da su, ɗaure da igiya a wuya, wanda ya gaza a kashe shi. Bayan an kafa bariki a Dogon Dutsi a 1906, rangadin kwamanda ya zama abin yau da kullum, da gadonsa na naɗewa wanda Faransawa ke kira «lit Picot», da kujera da tebur masu ninkewa. Talakawan ƙauyuka su ne motar da ke ɗaukar wannan kaya daga zango zuwa zango. Duk mai rubuta tarihin kalmar «tanti» a Hausar Nijar ya kamata ya tuna da wuyan da ya ɗauko ta.

Tirela kuwa ta biyo baya da shekara 25. A ranar 28 ga Oktoba 1924 ayarin motocin Citroën, wanda aka sani da «Croisière noire», ya tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Motoci 8 ne masu sarƙa a baya, suna jan tireloli ɗauke da kayan kwana da na sauka. Kafin ƙarshen shekarar sun iso Yamai, suka bi ta Dosso da Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram, hanyar da Arewa take tsakiyarta. Léon Poirier ya ɗauki fim, Alexandre Iacovleff ya zana mutane, cikinsu har da Sarkin Tasawa Barmu. A wannan tafiya ma'anoni biyu na «caravane» suka haɗu a ƙasarmu, ga ayari ga kuma ɗakin da ake ja. Kowace mota cikin takwas ɗin tana da suna da tambari, an kuma adana su a littafi. Ɗakunan fata da na tabarma da suka wuce a gefen hanya sun shiga hoto ne a matsayin adon daji.

5. Ɗakin da ba ya barin kufai

Fari na 1973-1974 da na 1984-1985 ya taɓa wannan sana'a a gindinta. Ɗakin fata daga garke yake fitowa, in awaki sun mutu babu fata, babu man shafawa, babu dabbar ɗauka. Dubban makiyaya suka taru a sansanin Lazare kusa da Yamai a 1973 da 1974, wurin da ya zama unguwa daga baya. Tun daga lokacin tamfol da leda da buhunan taimako suka fara maye gurbin fata. Sanduna da tsari suna nan, amma rufin ya zama na kanti. Yarinyar da ta tashi cikin ɗakin leda ba ta ga ranar gayyar ɗinki ba, kuma sunayen ɗinki da na sassan rufi suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. A 2012, da rikicin Mali ya koro mutane zuwa Abala da Mangaize, tantin ƙungiyoyin agaji ya ƙaru a kan jerin. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya ajiye samfurin gidajen gargajiya, amma samfuri ba ya faɗin wadda ta ɗinka shi.

Matsalar ta wuce ta adana al'ada. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan magana ta mai gidan ƙasa ce, wanda ko ya tashi zai bar kufai, da kushewa, da kunyar gona, abubuwan da jikansa zai nuna wa alƙali. Mai ɗakin naɗewa bai bar gida ba, da shi ya tafi, amma bayan damina ɗaya babu alamar ya taɓa sauka. Da gonaki suka yi ta cin daji, makiyaya da mashaya da burtali suka zama kamar ƙasar da ba mai ita. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma noma ya tsallake ta. Abin da ya faru a Toda cikin jihar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, ya nuna inda wannan gardama take iya kaiwa. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya shigo da ma'anar «terroir d'attache», wato ƙasar da makiyayi yake komawa ya fi daɗewa cikinta a shekara, dokar 10 ga Janairu 1997 ta fayyace matsayinta, ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. To amma a gaban kwamitin ƙasa sai an kawo shaida, ga shi kuwa ɗakin naɗewa ba ya barin ta.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Faransa, dokar 16 ga Yuli 1912 ta tilasta wa masu yawo, musamman ƙabilar Rom, riƙe wani littafi mai awon jikinsu da zanen yatsunsu, wanda ake bugawa hatimi duk garin da suka sauka. An sauya shi da takardar zirga-zirga a 1969, ita kuma ba a soke ta ba sai a 2017. A shekarun da ma'aikaci yake jan Rapido zuwa bakin teku ana yi masa fatan hutu lafiya, mai kwana cikin ɗaki mai taya don ba shi da wani yana kai kansa wurin jandarma. Akwatin iri ɗaya ne. Wancan yana da gida tsayayye da takarda a baya, wannan ba shi da su.

Kammalawa

Muna da shawara biyu, ɗaya ta ƙamus, ɗaya ta bincike.

Ta ƙamus: a raba «caravane» gida biyu. Ta farko «ayari», ta biyu «ɗaki mai taya». Ga «caravane pliante» kuwa muna ganin «laimar mota» ta fi dacewa, domin «laima» ta riga ta ƙunshi ɗakin zane, ta kuma ƙunshi buɗewa da naɗewa, Bahaushe zai gane ta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ta bincike: mun ga a sashe na 3.2 cewa ɗaki yana bin layin mata, daga uwa zuwa ɗiya. Ke nan ɗaki yana da salsala kamar yadda sarauta take da ita. Ɗalibanmu da suke zuwa Arewa tattara kalmomi sun saba zama da maza a ƙofar mai gari. Muna roƙon su, bayan girbi, su ƙarasa bayan gari inda makiyaya suka sauka, su nemi izini su zauna da tsofaffin mata, kuma in da hali ɗalibai mata su ja wannan aiki. A tambayi sunan kowace sanda da kowace igiya a Tamajak da Fulfulde da Hausa. A tambayi wadda ta ɗinka rufin, da wadda ta koya mata, da maƙerin da ya sassaƙa gadon. Sa'an nan a tambayi inda aka kafa ɗakin uwa, da inda aka kafa na kaka, kusa da wace rijiya, a gonar wa, a shekarar wace yunwa. Amsoshin za su cika mana ƙamus, za su ba masu ginin nan sunayensu kamar yadda takardu suka ba Rousseau da Dethleffs nasu, kuma idan aka ajiye su a ma'adanar muryoyi ta IRSH ko ta CELHTO a Yamai, za su zama jerin wurare da shekaru wanda makiyayi zai iya kaiwa gaban kwamitin ƙasa.

Ɗalibin da ya yi mana fassarar «ayari mai lanƙwasa» ya ce iyali ɗaya ne suke sauka gonarsu tun zamanin kakansa, kuma ya san sunan mai gidan da na ƴaƴansa maza. Da muka tambaye shi sunan matar da take kafa ɗakin, sai ya yi shiru, daga baya ya ce in ya koma gida hutu zai tambaya.